Yadda ƙungiyar unguwa mai yaƙi da talauci za ta fara shirin murya na intanet

Bahaushe ya saba da sauraro tun kafin zuwan intanet. Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye a 1957, Freedom Radio ta buɗe a Kano a 2003, kuma har gobe rediyo ce abokiyar hirar mai shayi da tela da matar da ke tsakar gida tana tankaɗe. Abin da ya sauya shi ne, yanzu ƙungiyar mutum goma tana iya haɗa nata shirin ba tare da ta sayi fili a gidan rediyo ba. Shi ne ake kira fodkas: shirin murya da ake naɗa, a tace, a ɗora a intanet kashi-kashi, mai so ya sauke ya saurara lokacin da ya ga dama.

Tun daga farko ya kamata a fahimci abu guda. Talaka ba ya bukatar shirin da zai gaya masa cewa yana cikin talauci, ya riga kowa sani. Rahoton da Hukumar Ƙididdiga ta Nijeriya ta fitar a 2022 ya ce mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci mai fuskoki da yawa, kuma kashi 65 cikin ɗari nasu a arewa suke. Wannan adadi yana da amfani a takardar neman tallafi, amma ba zai ƙara wa kowa mudun gero ba. Shirin da zai rayu shi ne wanda idan mutum ya gama ji zai tashi da abin da zai aikata a makon nan.

Ku fara da mai sauraro, sayen kaya ya biyo baya

Kafin a kashe ko kwabo, ƙungiya ta zauna ta amsa tambaya ɗaya: wa muke yi wa magana? "Al'umma" ba amsa ba ce. Ku ce matan da ke sana'a a cikin gida a unguwarmu, ko manoman wake da gyaɗa na ƙauyukan da ke kewaye da mu, ko samarin da suka gama sakandare ba su da abin yi. Wannan amsa ita za ta yanke tsawon shirin, da lokacin fitarsa, da wanda zai gabatar, da hanyar rabawa. Akwai kuma masu sauraro na biyu, wato masu hannu da shuni da 'yan garin da ke zaune a Abuja ko Legas ko Saudiyya, waɗanda ake fatan su taimaka. Kada a haɗa su a shiri ɗaya da na farko. Maganar da ake yi don a motsa zuciyar mai bayarwa takan ƙasƙanta mai karɓa idan ta shiga kunnensa.

Daga nan ku rubuta batutuwa goma sha biyu a takarda. Idan kun kasa kaiwa goma sha biyu, ba ku shirya ba tukuna. Kuma batu ya zama ƙarami, mai baki da hanci. Maimakon "noma tushen arziki", ku ɗauki yadda ake adana wake a buhun PICS mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje: a busar da waken sarai, a duba ledar ko ta huje, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, a ajiye inda ɓera ba zai kai ba, sannan a sayar bayan kaka lokacin da farashi ya ɗaga. Maimakon "muhimmancin lafiyar yara", ku ɗauki igiyar awon dantse: idan ta nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5 ga yaro ɗan wata shida zuwa shekara biyar, tamowa ce mai tsanani, a tafi asibiti ranar. Haka batun yadda uwar adashe za ta riƙe littafi don kada zubi ya watse, da yadda ake fitar da zakkar amfanin gona (ɗaya bisa goma idan ruwan sama ya shayar, ɗaya bisa ashirin idan an sha wahalar ban ruwa) da waɗanda suka cancanci a ba su, da yadda ake gane ɗan damfara mai bugo waya yana neman lambar BVN ko lambar sirrin kati da sunan tallafin gwamnati. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa kashi guda cur.

Aikin yana son mutum huɗu: mai gabatarwa, mai riƙe na'ura da tacewa, mai nemo baƙi da tabbatar da gaskiyar bayani, da mai rabawa da karɓar saƙonni. Mutum biyu suna iya raba aikin huɗun, amma dole a sami aƙalla mutum biyu da suka iya tacewa, don ranar da ɗaya ya tafi makaranta ko ya yi aure shirin kada ya tafi tare da shi. Kuma lallai a sami mace mai naɗar murya. Akwai gidajen da namiji ba zai wuce zaure ba, akwai kuma maganar da mace ba za ta faɗa a gabansa ba ko ya shiga.

Kayan aiki

Wayar Android da ke hannunku ta isa a fara. Abin da za a ƙara mata shi ne makirfo, domin na jikin wayar yana kwasar duk abin da ke ɗakin. Mafi araha shi ne ɗan ƙaramin da ake maƙalawa a wuyan riga, irin Boya BY-M1, mai waya tsawon mita shida. Yana da ɗan makunni a jikinsa, ɓangare ɗaya na kamara ɗaya na waya. Yawancin masu kukan cewa ya ƙi aiki, makunnin ne ke wurin da bai dace ba. Idan wayarku ba ta da ramin iyafis, sai an sayi mahaɗi na USB-C, kuma a gwada shi a shagon kafin a biya, don ba kowane mahaɗi ke wuce da muryar makirfo ba.

Idan da hali, makirfon hannu nau'in dainamik ya fi, irin Samson Q2U ko Audio-Technica ATR2100x. Dukansu suna shiga kwamfuta kai tsaye ta USB, suna kuma shiga waya da mahaɗin OTG, ɗan abin da ke haɗa kayan USB da waya. Dalilin zaɓensu shi ne ba su cika jin abin da ke nesa ba, sai bakin da ke kusa da su. A guji manyan makirfon nan nau'in kondensa masu ƙyalli da ake tallatawa da hoton ɗakin waƙa. An yi su ne don ɗaki mai shiru, a unguwarmu kuwa za su kwaso muku kukan akuya, da injin markaɗe, da ƙarar adaidaita sahu daga bakin titi. Don fita kasuwa da gona, ƙaramar na'urar naɗa irin Zoom H1n tana da kyau: batir AAA biyu take ci, tana ajiyewa a katin memori, ba ruwanta da kiran waya.

Sauran su ne abin sauraro na kunne mai waya (ban da na Bluetooth, yana jinkirta sauti), soson rufe kan makirfo, fawa banki, katin memori mai gigabait 32, da filas ko hadis na kwamfuta (hard disk) don ajiye fayil. Ana samun yawancinsu a kasuwannin waya irin na titin Beirut a Kano. Farashi yana motsi kullum, saboda haka a tambaya a shago uku, kuma a ware kwatankwacin kashi ɗaya bisa uku na kuɗin don data da batir da kuɗin mota. Ƙungiyoyi sukan zuba duk abin da suka tara a kan na'ura, sai a wayi gari babu kuɗin zuwa wurin baƙo.

Wurin naɗa da yadda ake riƙe murya

Nan ne ake cin nasara ko a faɗi, domin muryar da aka naɗa da kyau ba ta bukatar gyara mai yawa, wadda aka ɓata kuwa babu manhajar da za ta dawo da ita.

Ɗakin da ya fi muni shi ne wanda mutane suka fi zaɓa: ofis ko aji mai faɗi, siminti ko tayil a ƙasa, bango fayau. Murya tana bugun bango ta dawo, sai a ji kamar daga cikin rijiya ake magana. Ku shiga ɗaki ku tafa hannu sau ɗaya. Idan kun ji amsa-kuwwa, ku nemi wani. Ƙaramin ɗakin kwana mai katifa da labule da kafet da kaya a rataye ya fi. Ɗakin ƙasa mai rufin azara ya fi na bulo mai kwano, kuma da damina kwano ba ya naɗuwa sam idan ruwa ya sauko. Idan babu zaɓi, a jingina katifa biyu a bango, a shimfiɗa tabarma da bargo, a rataya zannuwa a bayan mai magana.

A kashe fanka ko da ana zafi, a kashe firji idan yana ɗakin. Kunnen mutum yana mantawa da ƙarar fanka, makirfo ba ya mantawa. Janareta kuwa, ko na maƙwabci ne, yana shiga ta ƙasa da bango, don haka a zaɓi lokacin da ba a tayar da shi. A unguwanni da yawa hantsi ya fi shiru, bayan yara sun tafi makaranta kafin azahar. A duba lokacin kiran salla tun kafin a sa wa baƙo lokaci, don kada a katse hira a tsakiya. Kada a yi naɗi alhali waya ko kwamfuta tana jikin caji: wutar tana sa wani gurnani siriri a ƙarƙashin murya, musamman idan cajar ta banza ce. A yi caji tukuna, a zare, a naɗa da batir. Kuma duk wayar da ke ɗakin a sa ta a alamar jirgin sama, domin kira yana yanke naɗi, neman sabis kuma yana sa ƙarar tit-tit a cikin sauti.

Makirfon hannu ya kasance nisan faɗin tafin hannu daga baki, a ɗan karkace gefe don kada iskar harafin "b" da "f" ta buge shi. Mai tambaya ne zai riƙe, ba a miƙa wa baƙo. Idan ya karɓa zai riƙa kaɗa shi yana nuni, kuma hirar ta kuɓuce muku. Na maƙalawa a sa shi kamar taƙi ɗaya ƙasa da haɓa, a waje da hijabi ko babbar riga, don yadi yana goga shi. A lura da awarwaro da carbi da ledar ruwa a hannun baƙo. Idan na'urar tana nuna ma'aunin ƙarfi, a daidaita shi murya ta riƙa kaiwa tsakanin -12 da -6. Idan ta taɓa sifili ta fashe, fasasshiyar murya kuwa ba ta ɗinkuwa. A waje lokacin hunturu, soso kaɗai ba ya tare iska; a sa murfi mai gashi, ko a juya wa iskar baya a jikin katanga.

Mai naɗa ya sa abin sauraro a kunne daga farko har ƙarshe. Kafin a fara a naɗi daƙiƙa talatin na gwaji a saurara. Bayan an gama kuma kowa ya yi shiru a naɗi daƙiƙa ashirin na shirun ɗakin, za a bukace shi wajen tacewa. Idan manhajar ta ba da zaɓi, a naɗa a tsarin WAV (fayil ɗin sauti da ba a matse ba), 44.1 kHz, layi ɗaya (mono). Yana cin kusan megabait 5 a minti, wato hirar awa ɗaya ta haura megabait 300, don haka a duba sararin waya tukuna. A daren ranar a kwafe fayil ɗin wuri biyu, da suna mai kwanan wata da batu.

Hira da wanda abin ya shafa

Wannan ya fi duk maganar na'ura nauyi. Ƙungiyar da ke raba hatsi ko jari tana da ƙarfi a kan wanda take ba wa, ko ta sani ko ba ta sani ba. Idan kuka ce wa bazawarar da ke cikin jerin masu karɓar tallafinku ta zo ta yi magana, ba za ta iya cewa a'a ba, don tana tsoron a cire sunanta. Saboda haka kada a naɗi murya ranar rabo, kuma wanda ke riƙe da jerin sunaye ba shi zai nemi hira ba. A gaya mata a fili, a kuma naɗi faɗar da amsarta a farkon fayil: "Inna, wannan maganar za mu sa ta a waya, mutanen garin nan da na nesa za su ji. In kin yarda mu ɗauka, in ba ki yarda ba babu komai, kuma ba zai taɓa tallafinki ba. Kina so a faɗi sunanki ko a sakaya? In kin sauya shawara kafin ranar Juma'a, ki aiko a gaya mana." Izinin baki da aka naɗa ya fi sa hannu a takardar da mutum bai iya karantawa ba. A Nijeriya akwai dokar kare bayanan mutane ta 2023, kuma muryar mutum da labarin lafiyarsa suna cikin abin da ba a yaɗawa sai da yardarsa.

A tuna cewa sakaya suna ba ya ɓoye murya. A unguwa kowa ya san muryar kowa. Idan batun ya shafi bashi, ko rikicin aure, ko wata cuta da ake jin kunyarta, gara a rubuta abin da mutumin ya faɗa wani ya karanta, a sauya sunan unguwa da adadin 'ya'ya. Yara ba a naɗarsu sai da izinin iyaye ko malaminsu, kuma ba a tambayar yaro abin da zai sa shi kuka don shiri ya yi armashi. A gaida mai unguwa a sanar da shi kafin a fara yawo da makirfo, a gidan aure kuma a nemi izinin maigida ta hanyar da aka saba.

Tambayar da ake yi ita ke nuna yadda aka ɗauki mutum. "Yaya kike ji da wannan hali?" ba ta haifar da komai sai hawaye ko "sai godiyar Allah". Ku tambaye ta a matsayin wadda ta san aikinta: mudu nawa na gyaɗa kike saya, kwalba nawa ta mai yake ba ki, nawa ƙuliƙulin yake kawowa, ina ribar take maƙalewa, me kika daina yi da kika gane yana cinye miki jari? Matar da ta shekara ashirin tana riƙe gida da sana'ar ƙuli ta fi mai digiri sanin lissafin, kuma maƙwabciyarta za ta fi yarda da ita. Idan ta yi shiru, kada a yi gaggawar cike gurbin. A ƙirga uku a zuci, sau da yawa maganar da ta fi amfani bayan shirun take fitowa. Mai tambaya ya riƙa gyaɗa kai maimakon "eh", "to", "haka ne", don waɗannan suna hawa kan muryar baƙo kuma ba sa cirewa. Kafin shirin ya fita, a koma a kunna mata abin da aka tace ta ji da kunnenta.

Masana ma ana bukatarsu, malamin gona, ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi, malamin da ya san babin zakka. Sai dai a roƙe su su bar Turanci a ofis, kuma duk abin da ya shafi magani ko ma'aunin abincin yara ko maganin feshi, daga bakin ma'aikacin fannin zai fito, sannan mai tabbatar da bayani ya sake tambayar wani na biyu. Kuskure ɗaya a nan yana iya cutar da yaro.

Tsarin kashi ɗaya da tacewa

Minti goma zuwa goma sha biyar ya isa. Sallama da sunan shiri da abin da za a ji yau, a cikin daƙiƙa talatin; doguwar gaisuwa ga shugabanni da iyayen ƙungiya tana korar mai sauraro kafin a kai ga magana. Sai muryar mai abin, minti biyar ko shida. Sai masani, minti uku. Sai saƙonnin da aka aiko kan kashin baya. A ƙarshe mai gabatarwa ya maimaita matakan a hankali, da lambar wayar shirin sau biyu. Idan za ku sa farashin hatsi na kasuwarku ko na Dawanau, ku faɗi ranar da aka ɗauko shi, domin ana iya jin shirin bayan wata uku. Abin da mai gabatarwa zai faɗa a rubuta shi yadda ake magana, a karanta da ƙarfi kafin naɗi. Duk jimlar da ta sa numfashi ya ƙare a raba ta biyu.

Audacity manhajar tace sauti ce ta kwamfuta, kyauta, kuma ta isa. Wanda ba shi da kwamfuta yana iya aiki da Lexis Audio Editor a waya, sai dai yankan ya fi wahala a ƙaramin allo. A fara da sauraron naɗin gaba ɗaya ana rubuta mintin da aka faɗi abu mai amfani. Sannan a yanke, a kan kwafi, asalin yana ajiye. A cire maimaici da kauce hanya, amma a bar numfashi, kuma kada a haɗa rabin jimla da rabin wata har mutum ya faɗi abin da bai faɗa ba. Bayan yanka a tace sautuka masu kauri da ke ƙasa da 80 Hz a ma'aunin manhajar, nan gurnanin wuta da na mota suke. Don rage shuuu na ɗaki, a nuna wa manhajar shirun nan da aka naɗa, a rage da ma'auni 6 zuwa 12 kawai. In aka zarce, murya takan koma kamar ana magana a cikin ruwa. A ƙarshe a daidaita ƙarfin dukkan muryoyi zuwa -16 LUFS (ma'aunin ƙarfin sauti ne a manhajar) ko kusa da haka, don kada mai sauraro ya riƙa ƙarawa yana ragewa. Idan Audacity ya ƙi buɗe saƙon murya na WhatsApp ko fayil ɗin wata waya, a saka masa ƙarin FFmpeg, shi ma kyauta ne.

Kada a ɗauki waƙar wani a sa a buɗe shiri. Haƙƙin mai ita ne, kuma Spotify da YouTube suna cire abin da aka sa wa waƙar da ba a ba da izini ba. Ku naɗi naku: luguden mata a turmi, hayaniyar kasuwa da safe, ko ɗan kiɗan makaɗin garinku da yardarsa da ladansa. Daƙiƙa biyar sun isa. Sabon mai tacewa ya sa ran kashe awa uku ko huɗu a kan shirin minti goma sha biyu. Gwajin ƙarshe kuma ba a abin kunne mai tsada ake yi ba: a kunna a lasifikar ƙaramar waya mai madannai, a tsakar gida, a ji ko kowace kalma tana fita.

Yadda zai isa kunnen mutane

A fitar da shirin a MP3, layi ɗaya, 64 kbps (ma'aunin nauyin fayil ɗin sauti). Minti ɗaya yana cin ƙasa da rabin megabait, wato shirin minti goma sha biyu bai kai megabait 6 ba. Wanda ya fitar a 128 kbps ya ninka wa talaka kuɗin data ba tare da kunne ya ji wani bambanci a magana ba.

Gidan shirin na intanet shi ne inda ake ɗora fayil a sami adireshin RSS, wanda sauran manhajojin sauraro suke jawowa daga gare shi. Spotify for Creators yana ba da wannan kyauta. Ana bukatar sunan shiri, bayani gajere, da hoto mai kusurwa huɗu daidai, faɗinsa tsakanin fiksel 1400 da 3000. Imel da lambar wayar da za a buɗe asusun da su su zama na ƙungiya, mutum biyu ko uku su san kalmar sirri. Shirye-shirye da yawa sun salwanta ne saboda an buɗe su da imel ɗin mutum ɗaya, aka sami saɓani, ya tafi da mabuɗin.

To amma a faɗi gaskiya, wanda kuke yi wa shirin ba a Spotify yake ba. Wancan rumbu ne, kuma hanya ce ta 'yan birni da masu tallafi. Hanyar gaske ita ce WhatsApp: a tura fayil ɗin kansa, ba mahaɗin shafi ba, don ya sauka sau ɗaya a riƙa ji babu data, a kuma tura wa wani. Zauren WhatsApp yana ɗaukar mutum 1,024. A rufe shi shugabanni kaɗai ke turawa, a ba da lamba daban ta karɓar saƙon murya, in ba haka ba tallace-tallace da gardamar siyasa za su binne shirin. Ga waɗanda ba su da data sam, a kai wa masu shagon caji da tura waƙoƙi su riƙa sa wa mutane a katin memori, a tura ta Bluetooth ko Xender. Sunan fayil ya zama gajere da lamba a gaba, kamar 07 Adana wake, don ƙananan wayoyi suna yanke dogon suna. Ƙaramar rediyon nan mai cin kati tana iya tara mata ashirin a gidan uwar adashe ranar zubi, ko maza a majalisa bayan la'asar, kuma tattaunawar da ke biyo bayan sauraro takan fi shirin kansa amfani. Don Facebook da YouTube sai an mayar da shi bidiyo mai hoto ɗaya tsaye. A yanko minti ɗaya mafi daɗi a sa a can. Idan shirin ya yi kyau, a kai wa tashar FM ta kusa ko rediyon karkara, irin waɗanda suke da yawa a Nijar, wata tana iya sa shi a lokacin da ba ta da talla. Abin da ba a yi shi ne sayen na'urar watsawa a hau iska da kai. Wannan sai da lasisin hukuma, a Nijeriya ita ce NBC.

Kuɗi, siyasa, da abin da ke kashe shiri

Da zarar shiri ya fara karɓuwa, ɗan siyasa zai aiko da gudummawa. Ranar da aka ji sunansa a buɗe shiri, rabin unguwa sun daina saurara, sauran rabin kuma sun ɗauka an saye ku. Tallan mai shagon taki ko mai injin niƙa ya fi tsafta, da sharaɗin a faɗa a fili cewa talla ne, kuma ba a karɓar tallan mai maganin da ke warkar da kowace cuta ko mai ba da bashi da ruwa mai nauyi. Idan za a nemi taimako ta shirin, asusun banki ya zama na ƙungiya mai rajista, da sa hannun mutum biyu, kuma a karanta abin da ya shigo da inda ya tafi a kashi na gaba, naira da kwabo.

Idan mai sauraro ya kawo ƙorafi a kan wani jami'i ko ofis, kada a watsa zargi da suna sai an ga shaida kuma an nemi jin ta bakin wanda ake zargi, an naɗi amsarsa ko an faɗi cewa an neme shi. Dokar laifukan intanet ta 2015 da dokokin ɓata suna suna hawa kan fodkas kamar yadda suke hawa kan kowane rubutu.

Yawancin shirye-shiryen sa-kai ba rashin kuɗi ke kashe su ba, gajiya ce. An yi alkawarin kowane mako, aka yi huɗu, azumi ya zo ko damina ta kankama, shi ke nan. Ku naɗa ku tace kashi uku kafin ku saki na farko, ku fara da sau ɗaya a mako biyu, rana ɗaya tsayayya, kuma ku yi shi zango-zango: kashi takwas, hutun wata ɗaya, a sanar da ranar dawowa. A jera batutuwa bisa kalandar mutane, maganar iri da taki kafin ruwan fari, adana amfani da kaka, zakkar kono a goman ƙarshe na azumi.

Adadin saukewa da Spotify zai nuna muku zai yi kaɗan, kada ya karya muku gwiwa, don ba ya ƙirga abin da ya bi ta WhatsApp da katin memori. Mai rabawa ya riƙe littafi: saƙon murya nawa ya shigo bayan kowane kashi, wace tambaya aka fi maimaitawa, shago nawa aka kai wa fayil. Bayan kashi na takwas a zaɓi mutum ashirin daga cikin waɗanda aka yi shirin dominsu, a je a same su, a tambaye su wanne suka ji, a ina suka samu, me suka gwada, me ya ƙi yiwuwa. Daga amsoshin abin da ya ƙi yiwuwa za a fitar da batutuwan zango na biyu.